Waƙar da Na Yi wa Bello

Daga Bodinga, zuwa ga ɗiyata Hauwa'u, mai sunan mahaifiyata.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Uwata, ina gaishe ki gaisuwar uba ga ɗiyarsa, tare da fatan kin isa Sakkwato lafiya, kin sami wurin kwana mai kyau da abokan zama na gari a makarantar taku. Allah ya tsare ki daga abin da idonki ke gani da wanda ba ya gani. Mahaifiyarki da ƙannenki duk suna gaishe ki.

Kin san ni ba mai yawan magana ba ne a gida. Ranar da muka raka ki tasha, iyakar abin da na ce miki shi ne ki ji tsoron Allah, ki riƙe salla. Akwai sauran magana a cikina, amma da na dubi fuskarki sai bakina ya yi nauyi. Shi ya sa na zauna a shago na rubuta miki wannan. Tana da tsawo, ba kuma mai daɗi ba ce. Ki yi haƙuri ki karanta ta har ƙarshe.

Kina tuna yammacin da na dawo daga kasuwa na same ki da ƙawayenki a tsakar gida, kun haɗa kai a kan wayarki kuna ta ƙyaƙyata dariya? Na tambaye ki abin da ya faru, kika nuna mini. Nasiru ne, ɗan maƙwabciyarmu, yaron da bai fi shekarun ƙanenki ba. Ya sha maganin tari ya bugu, yana tangaɗi a layin masu albasa, ya faɗi a kan buhuna, fitsari ya jiƙa masa wando. Wani ya ɗauke shi bidiyo, wani kuma ya ɗora masa kiɗa. Kika ce mini, "Baba, ba ni na ɗauka ba. Turo mani anka yi, ni ko na tura ma ƙawayena."

Kuskurena na ranar shi ne na yi murmushi. Kin gani, ƙawayenki ma sun gani. Na miƙa miki wayarki na shige ɗaki kamar ba komai. Tun daga lokacin yaron nan bai sake zuwa makaranta ba, ko masallaci ba ya fitowa, uwarsa kuma ta daina shiga gidajen biki. Da na tsawata muku a ranar, da na fi samun ƙarfin bakin yi miki nasiha yau. Ban yi ba, don abin da na gani a wayarki ya tuna mini da wani abu da na daɗe ina guje wa tunawa. Shi zan ba ki labari.

A Lambara aka haife ni, kin sani. Ina da aboki tun na ƙuruciya, sunansa Bello. Gidansu na bayan namu, tare muka yi kiwon awaki, tare muka yi korar tsuntsaye a gonar gero. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, sai mahaifiyarsa Goggo A'i, mai sayar da ƙuli-ƙuli, ita ta riƙe shi. Bello yana da i'ina. In zai yi magana sai kalmar farko ta maƙale masa, ya runtse ido, ya buga ƙafa, kafin ta fito. A ƙauye mun saba da shi, ba mai damuwa, sai a jira shi ya gama.

Da muka tasa, aka kawo mu Bodinga tare, aka danƙa mu ga Malam Ladan tela mu koyi ɗinki. Lokacin soja sun miƙa mulki ga farar hula, kuma babbar kujerar ƙasa ta faɗo hannun ɗan yankinmu. Ke ba ki ga wannan zamani ba. Kuɗi na yawo, motocin jam'iyyu na wucewa da lasifika, teloli ba su da hutu saboda huluna da rigunan 'yan siyasa. Mawaƙa kuwa sun cika gari, kowa na yi wa abokin hamayyar ubangidansa zambo, jama'a na tafi. Wanda ya fi iya muzanta mutum shi ne gwani.

A shagon Malam Ladan, Bello ya fi ni hannu nesa ba kusa ba. In ya yi aikin wuyan riga, sai Malam ya ɗaga ta sama ya nuna wa masu wucewa. Ni kuwa kullum sai an sa ni farke abin da na ɗinka. Abin da Allah ya ba ni shi ne baki. Na iya kwaikwayon muryar kowa, na iya haɗa waƙa nan take. Wata rana wani alhaji ya zo karɓar rigarsa, Bello ya tashi zai gaishe shi, sallamar ta maƙale. Ya yi ta "sa-sa-sa" har alhajin ya gaji ya amsa tun ba a gama ba. Bayan ya tafi, da Malam ya fita salla, na ɗauki murfin gwangwani ina kaɗawa na ce:

Bello ya zo gaida mutane,
Sa-sa-sa har rana ta faɗi,
Ku ba shi tabarma ya huta,
Sallamar Bello sai gobe.

Yaran shago suka faɗi ƙasa don dariya. Bello ma ya yi ɗan murmushi, ya sunkuyar da kai a kan aikinsa. Wannan murmushi na riƙe a matsayin hujja shekara da shekaru. Yanzu na san irin murmushin da mutum ke yi ne in ba shi da mafita.

Uwata, ki binciki zuciyarki duk lokacin da kika ji daɗin muzanta wani. Ni a lokacin ce wa kaina nake yi raha ce kawai. Gaskiyar magana hassada ce. Na kasa kamo Bello a ɗinki, sai na nemi wurin da zan fi shi.

Da waƙar ta tsaya a shago, da abin ya zo da sauƙi. Akwai wani mai sayar da kaset a tasha, Ɗanjuma, yana da rikoda mai ɗaukar magana. Ya ji labarin waƙar, ya kira ni, ya saya mini shayi da burodi, ya ce in yi ta a gaban rikodarsa. Na yi, na ƙara baitoci, na kwaikwayi yadda Bello ke buga ƙafa. Ɗanjuma ya riƙa saka ta a ƙarshen kaset ɗin mawaƙan siyasa, inda fili ya rage. Direbobi suka saya. Kafin damina ta fita, ana jin waƙar a motocin Sifawa da na Shagari. Masu tallan gyaɗa suna yin ta. Da muka je gida hutun salla, muka iske 'yan matan Lambara suna tafa ta a dandali, har da ƙannen Bello na dangi da ba su san ciwon abin ba.

Ni ko kaina ya kumbura. In na shiga tasha sai a ce ga mai waƙar Bello nan, a ba ni goro. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda mai sunan ke shiga tasha ba.

Kin ce ba ke kika ɗauki bidiyon Nasiru ba. Haka ne. Amma ki sani, ba ni na kai waƙar nan garin Shagari ba, ba Ɗanjuma ba ne kuma. Direban da ya saka ta a motarsa ne, da fasinjan da ya ce a maimaita, da yarinyar da ta koya wa ƙawarta. Kowannensu zai iya rantsuwa cewa ba shi ya ƙirƙira ba. A wurin Bello kuwa duk ɗaya muke. Kuma kaset yana tsufa, zarensa ya tsinke, rikoda ta lalace. Abin da ke cikin wayoyinku ba ya tsufa. Yaron nan zai girma, ya je neman aure, ya je neman aiki, bidiyon na nan yana jiran sa a aljihun mutanen da bai taɓa gani ba. Don haka ina roƙon ki, ki goge shi, ki kira duk wadda kika tura wa ki ce mata kin yi nadama, ita ma ta goge. Za su yi miki dariya, su ce kin cika tsoro. Ki bar su. In kuma an turo miki irinsa nan gaba, ya mutu a hannunki.

Wata rana da la'asar, muna dawowa daga masallaci, Bello ya riƙo hannun rigata. Ya ja ni gefen katanga inda babu mutane. Ya runtse ido ya fara, "Sa-Sani, do-don Allah, ka, ka ba-ba…"

Ban bar shi ya gama ba. Na ce, "In ba ka mi? In ba ka tabarma?"

Ya saki rigata. Da ƙyar ya ce, "I-Inna ta ji ta."

Na ce, "Haba Bello, wasa ne fa. Kai ba ka san wasa ba?"

Ya juya ya tafi.

Kalmar nan, "wasa ne", ki kiyaye ta. Ba mai jifa ke faɗin ko wasa ne ba, wanda dutsen ya sama shi ke faɗi. Kuma in wani ya zo miki da irin wannan roƙo, ki sani ya sha fama da kansa kafin ya iya buɗe baki. Na tabbata Bello ya yi kwanaki yana shirya kalmomin nan. Abin da ya nema a wurina ƙanƙane ne, in saurare shi, ni kuwa na hana shi.

Daga nan ya daina magana a shago. In mai kaya ya zo, sai ya nuna da hannu. In an aike shi kasuwa, sai ya bi ta bayan gari don kada ya ratsa tasha. Sai muka fara ganin sa da 'yan bangar siyasa, samarin da ake kwasa a mota zuwa wuraren taro, su yi ihu su riƙe gora. Kafin a tashi, masu gidansu kan raba musu wasu 'yan ƙwayoyi jajaye, wai don kada su gaji, kada kuma su ji tsoro. Su ba su yi wa Bello waƙa ba. Suka ba shi wurin zama, suka ba shi ƙwaya.

Ina tuna ranar da ya shigo shago da hantsi, idonsa jawur, yana magana ba tsayawa. I'inar ba ta tafi ba, amma ya daina jin kunyarta, tattake ta yake yi ya wuce. Wani yaron shago ya fara rera waƙar ƙasa-ƙasa, Bello ya ɗauki almakashi ya nufe shi, sai da aka riƙe shi. Daga ranar babu wanda ya ƙara yi masa waƙa a gabansa. Mutane suka ce Bello ya zama namiji. Ni ma na ji sanyi a raina, na ce to ga shi ya warware, ashe ban yi masa wata illa ba. Na san abin da yake sha, na san inda yake samu, ban faɗa wa Malam Ladan ba, ban faɗa wa kowa ba.

Ba a nan na tsaya ba. Da salla ta gabato, aiki ya yi mana yawa, na fara gyangyaɗi a kan keken ɗinki. Bello ya miƙo mini ƙwaya ɗaya ba tare da ya dube ni ba. Na haɗiya. Ba zan yi miki ƙarya ba, Uwata, don in na yi ƙarya, ranar da aka miƙo miki za ki ga bambanci ki daina yarda da ni. Na ji daɗi. Barci ya gudu, yunwa ta gudu, na ji kamar zan iya ɗinke kayan Bodinga duka ni kaɗai. Abin da ba a gaya wa mutum shi ne, ƙarfin nan ba kyauta ba ne, na gobe ne ake jawo maka yau. In ta sake ka, sai ka ji kamar an yi maka duka, duniya ta yi baƙi, ba abin da kake so sai wata. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama ban san adadi ba. Wata safiya allurar keke ta huda mini babban yatsa ta fita ta farce, ban ji ba, sai da na ga jini na bin farar shaddar mutane. Tabon da kike gani a yatsana ke nan, wanda nake ce muku hatsarin aiki ne.

A makarantarku ba da sunan maye za a kawo miki ba. Wata za ta ce ga abin da ke hana barci lokacin jarabawa. Wata za ta zuba maganin tari a lemun kwalba a wurin bikin ƙawa, ta ce ɗan kurɓi, yana sa nishaɗi, yana sa a manta damuwa. Mai miƙo miki ba za ta zo da fuskar mugunta ba, wataƙila ma ita ce wadda ta fi kowa kyautata miki a ɗakin. Kada ki sha abin da ba a gabanki aka buɗe ba. Kada ki haɗiyi ƙwayar da ba likita ya rubuta miki ba. In barci ya rinjaye ki, ki kwanta. Na fi son ki faɗi jarabawa ki dawo mini da hankalinki.

Sai zamani ya juya. Soja suka dawo, aka kwashe manyan 'yan siyasa, motocin lasifika suka ɓace. Kaya suka yi tsada, sabulu da sukari da madara sai an bi layi, wani lokaci a yini a rana a koma hannu wofi. Ruwan sama ya ɗauke tun gero bai yi ido ba. Wanda bai ci ya ƙoshi ba ina zai ɗinka sabuwar riga? Malam Ladan ya rufe rabin shago, ya sallami yaransa.

Mahaifina, kakanki, ya zo ɗaukata. Kallo ɗaya ya yi mini ya gane. Bai yi mini faɗa a gaban mutane ba. Ya kai ni Lambara, ya sa ni a fadamar albasa, ya zauna a kaina kamar mai gadi. In zan je rijiya yana bayana, in zan je masallaci yana gefena. Na yi amai, jikina ya yi ta rawa, na yi kuka, na zage shi zagin da har yau in na tuna sai na nemi gafarar Allah. Bai ɗaga ba. Kakarki, mai sunanki, ita ke dama mini kunu tana ba ni a baki kamar jariri. Haka aka yi rani guda kafin na dawo mutum.

Kada ki ɗauka na fi Bello hankali ko imani. Ni ina da uba mai ƙarfin riƙe ni, shi ba shi da shi. Iyakar bambancinmu ke nan. Ki tuna da wannan duk lokacin da kika ga ɗan maye a kwance gefen hanya, kafin ki tofa yawu.

Bello bai koma gida ba. Masu raba ƙwaya kyauta sun watse, shi kuwa ba shi da abin saye. Sai ya koma wa sholisho, wannan danƙon da masu facin taya ke amfani da shi, don shi ya fi araha. Ya riƙa yawo tsakanin tashar Bodinga da ta Shagari, da tsumma a hanci, yana ɗaukar kaya in ya samu. Hannun nan da ke fitar da aikin wuya kamar an zana, ya koma ba ya iya riƙe kofin shayi sai ya zubar.

Bayan na warke na dawo Bodinga, na sami keke na haya, na fara kafa kaina. Wata ranar kasuwa Goggo A'i ta zo har inda nake ɗinki. Ta tsufa ƙwarai a ɗan lokacin nan. Ta ajiye ƙwaryar ƙuli-ƙulinta, ta zauna a ƙasa, ta ce, "Sani, kai ne abokinai tun kuna ƙanana. Ni ba ya jin tawa, in ya hange ni gudu yakai. Ka tai ka yi mai magana, halama ya ji taka. Ka ce mai ya zo gida, ba ni yi mai faɗa."

Na ce, "In sha Allahu, Goggo, gobe-goben nan."

Ta ɗebi ƙuli-ƙuli ta zuba mini a kan teburin keke, ta yi ta sa mini albarka, ta tafi.

Ban je ba. Lokacin ina neman auren mahaifiyarki, danginta suna bincike a kaina, ina tsoron a gan ni tare da ɗan sholisho a tono nawa tarihin. Na ce sai bayan an sa rana. Da aka sa rana na ce sai bayan biki. In na hange shi a tasha, sai in juyar da kai in yi kamar ina duba wani abu. A lokacin yana da sauran hankali, yana gane mutane, yana jin kunya. Mai jin kunya kuwa ana iya jawo shi. Na bari har kunyar ta ƙare.

In kin ga ƙawarki ta fara janye jiki, ta daina cin abinci da ku, tana kallon wayarta tana share hawaye, ko kin ga kwalaben magani a jakarta, kada ki ce ba ruwanki, kada kuma ki ce sai gobe. Ki zauna kusa da ita. In abin ya fi ƙarfinki, ki gaya wa wata malama mai amana, ko ki kira ni, ni zan san yadda zan sami iyayenta. Wannan ba tonon asiri ba ne. Ni na rufa wa Bello asiri, kin ga abin da rufin ya haifa.

In kuwa ke ce abin ya faɗa wa, wani ya ɗauki hotonki ya yi wasa da shi, ko aka taru a kanki a gurup na waya ana zagi, ko wani ya ce zai watsa wani abu naki in ba ki yi masa abin da yake so ba, to ki saurare ni da kyau. Kada ki biya shi, kada ki roƙe shi, kada ki nemi abin da zai sa ki barci ki manta. Ki hau mota ki zo gida. Ko da ke ce da laifi, ko da abin kunya ne ƙwarai, ki zo. Zan yi fushi wataƙila, amma fushina na kwana biyu ne, kuma a cikin gida zai ƙare.

Saura ƙarshen labarin. Shekaru sun wuce, an haifi yayyenki, na yi shagona. Wata rana ina kan hanyar Lambara, motarmu ta tsaya a Shagari ana sauke kaya. Na hango yara sun kewaye wani mutum a gindin bishiya. Gashinsa ya cukurkuɗe, rigarsa ta zama tsumma. Wani yaro na ɗaga masa guntun rake yana cewa, "Yi waƙa in ba ka." Sai mutumin ya gyara zama ya fara:

Bello ya zo gaida mutane…

Muryarsa garau, ko harafi ɗaya bai maƙale ba. Mai i'ina ba ya i'ina in yana waƙa. Ya kai wurin "sa-sa-sa" ya buga ƙafa daidai yadda na yi a gaban rikodar Ɗanjuma. Yaran nan ba a haife su ba lokacin da na yi waƙar, ba su san ni ba, ba su taɓa ganin kaset ɗin ba. A bakinsa suka koya.

Na sauka na kore su. Na durƙusa a gabansa na ce, "Bello, ni ne Sani. Sani na Lambara."

Ya daɗe yana kallona. Sai fuskarsa ta washe kamar ta yaro, ya kama hannuna ya ce, "Sa-Sani! Ka ji? Ya-yanzu na iya ta du-duka."

Na ce, "Bello, ka yafe mani. Don Allah ka yafe mani."

Ya yi dariya, ya miƙo hannu ya ce in ba shi rake.

Na yi ƙoƙari bayan wannan, amma ƙoƙarin da ya zo a makare. Na kai shi asibiti a Sakkwato, ya ɗan samu sauƙi, ya gudu. Na kai shi gida wurin Goggo, ya kwana biyu ya koma tasha. Na ɗinka masa riguna, ya sayar ko a ƙwace. Duk lokacin da na nemi gafararsa, dariya yake yi, don bai san abin da nake nufi ba. A wata damina aka aiko mini cewa an same shi a rumfar masu kayan miya, zazzaɓi ya kayar da shi, rai ya yi halinsa. Muka ɗauko shi zuwa Lambara. Ni na ɗinka likkafaninsa, ina cikin waɗanda suka yi masa wanka.

Bayan an dawo daga maƙabarta na shiga yi wa Goggo A'i ta'aziyya. Idonta ya riga ya tafi a lokacin. Ta lalubo kaina ta dafa, ta ce, "Sani, duk abokan Bello kai ɗai ka riƙe zumunci. Allah shi yi ma albarka, shi ba ka ɗiyan da za su jiƙan ka. Wanda ko ya yi ma ɗana waƙar nan, ban san shi ba, amma na bar shi da Allah."

Mutanen da ke ɗakin, wasunsu sun san ko wane ne. Babu wanda ya ɗaga kai. Ni kuma na ce amin, ban san wace addu'ar nake amsawa ba. Ta rasu ba da daɗewa ba, ban gaya mata ba.

Yau shekaruna sun ja, ina salla, ina azumi, na je Makka na yi kuka a can. Malamai sun ce Allah yana yafe abin da ke tsakaninsa da bawa, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Mai haƙƙina na farko ya rasa hankalin da zai yafe mini tun yana raye, ta biyu kuma na rasa ƙarfin zuciyar tambayarta. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi. Ke kuwa naki masu haƙƙin suna raye, da hankalinsu. Ki nemi gafarar mutum tun yana iya gane abin da kike roƙo.

Uwata, na gaji, idona ma ya fara yaji. Ban ba ki labarin nan don ki raina ni ba, in kuma kin raina ni kaɗan, na ɗauka, in dai zai hana ki bin sawuna. Allah ya tsare harshenki da yatsunki. Allah ya raba ki da mugun abokin zama, ya sa ke ma kada ki zama mugun abokin zaman wani. Allah ya kai ki lafiya duk inda kika nufa, ya dawo mana da ke lafiya. Ya jiƙan Bello da mahaifiyarsa, ya sa sun huta. In kin idar da salla, ki sa su a addu'a, ki sa ni.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sani Tela.